Nana Asma'u 'Yar Shehu, Matar Giɗaɗo, Uwar Wazirai

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan'uwa Ƙadirawa na shekara-shekara, Mabera, Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɓoye waliyyanSa a cikin bayinSa maza da mata. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da matansa tsarkaka iyayen muminai. Allah Ya ƙara yarda ga Shugabanmu Gausul A'azam Sidi Abdulƙadir Jilani, da Mujaddadin addini Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da dukkan shehunnan silsila.



Kowace shekara idan Allah Ya tara mu a nan Mabera, mazaje mukan ambata: Shehu Abdulƙadir, Shehu Usmanu, Malam Abdullahin Gwandu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bana magabatanmu sun ga ya dace a ambaci mace, suka kuma ɗora wa almajirinsu wannan nauyi, ba don ya fi kowa ba, sai don umurni ya fi ladabi. Wadda za mu ambata kuwa ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta. Wanda ya tashi daga nan bayan La'asar zai yi mata ziyara ya dawo bai rasa Magariba ba. Ita ce Nana Asma'u ɗiyar Shehu, Allah Ya ƙara mata yarda.

Sunanta ya cika ƙasa. Akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da ƙungiyoyin mata masu ɗauke da shi, kuma duk inda aka ambace ta sai a ce malama, mawallafiya, mai waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Duk gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dukkan wannan aiki matar aure ce ta yi shi, tana ɗakin miji fiye da shekara 40, da goyo, da yaye, da baƙi, da kukan yara. Ba ta shiga kogon dutse ta yi halwa ba. Gidan mijinta shi ne zawiyyarta, kuma a kan wannan nake son in tsaya.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, wato wajen 1208 bayan Hijira, ita da ɗan'uwanta Hassan, tagwaye. Bisa al'ada da sunan 'yan biyu za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar Siddiƙu wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah da mahaifinta guzuri lokacin Hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu ta bar ta ƙarama ƙwarai. Saboda haka hannun matan Shehu ta tashi, A'ishatu da ake kira Iya Garka, da Hauwa'u da ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello, tare da kulawar yayarta Hadiza.

Iyayenmu mata, ku saurari wannan wuri da kyau. A yau idan aka ce yarinya ta tashi hannun kishiyar uwa, sai kowa ya kama baki, domin mun san abin da ake nufi: ita ce ta ɗebo ruwa, ita ce ta wanke-wanke, ita ce ta talla, 'ya'yan ɗaki suna makaranta. Marainiyar da aka bari a gidan Shehu kuwa allo aka ba ta. Matan da suka riƙe ta ba su suka haife ta ba, amma ba su bambanta ta da nasu ba, har ta zama mahaddaciyar Alƙur'ani, ta san fiƙihu da tauhidi da tasawwufi. Ita kuma ba ta manta ba. Bayan shekara kusan 40, lokacin da ta tsara waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka, wadda ta gina a kan Kitabun Nasiha na ɗan'uwanta Bello, ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, ta jero irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Sayyida Nafisa ta Misra, sai ta sauko ƙasarmu ta sanya Iya Garka da Inna Garka a cikin wannan sahu, tana yabon su da tsoron Allah da kyauta da sada zumunci. Kishiyoyin uwa ne aka sa a layi ɗaya da waliyyan Basra da Misra, kuma 'yar riƙonsu ce ta sa su. Ni ban san wata shaida da ta fi wannan ƙarfi ba, domin ɗan riƙo shi ya san cikin ɗaki.

Tana da shekara wajen 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Abin da ya biyo baya kun san shi: nasarar Tabkin Kwatto, sannan musibar Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, inda Jama'a ta rasa mutum wajen dubu 2, a cikinsu har da mahaddata kusan 200, sai yunwa, da ciwo, da ƙaura daga zango zuwa zango har aka sauka Gwandu. Yarinya ce, amma ta ga yadda mace ke wayar gari da miji ta kwana ba shi. A cikin wannan hali, wajen 1807, tun ba a ci Alƙalawa ba, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima.

Giɗaɗo aminin Bello ne tun suna samari, malami ne, kuma manzon Jama'a ne wanda ake aikawa da takardu ƙasashe masu nisa. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Unguwar da ya zauna har yau sunansa take ɗauke da shi, Giɗaɗawa. Ku kwatanta gidan Waziri a wancan zamani. Malami ya zo daga Barno ko Azbin ko Shingiɗi, can zai sauka. Jakadun Kano da Zazzau sun kawo saƙo, can za su kwana. Ga ɗalibai, ga mabuƙata, ga matan da yaƙi ya kawo daga Gobir da wasu wurare, waɗanda ba su jin Fillanci balle Larabci, wasunsu ma ba su rabu da bori ba. Maigida kuwa yau yana Wurno wajen Sarkin Musulmi, gobe ya kama hanyar gabas, sai bayan watanni. Wa ke riƙe da gidan? Mai tsara waƙoƙin nan da muke rerawa ita ce dai mai lura da rumbu da tukunya.

Har wani Bature daga ƙasar Birtaniya, Kyaftin Kilapaton, wanda mutanen nan suka sani da suna Abdullahi, ya zo Sakkwato a 1824, kuma Giɗaɗo ne mai masaukinsa. A cikin littafin tafiyarsa ya rubuta cewa yana nan garin wani ɗan Giɗaɗo abin ƙaunarsa, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa, ya rasu da ciwon agana bayan an zaci ya samu sauƙi, aka binne shi a cikin gida. 'Yar'uwar Bello da ke gidan Giɗaɗo kuwa ita ce Nana. Baƙon bai ko ambaci sunanta ba, ya wuce ga sha'aninsa. Mu dai mun san uwa ce aka ɗauke wa ɗa, shekara 7 bayan rasuwar mahaifinta, kuma ɗan'uwan haihuwarta Hassan shi ma bai daɗe ba bayan Shehu. Duk matar da ke cikin rumfar can wadda ta taɓa wanke kayan yaro bayan an dawo daga maƙabarta, ta san abin da nake faɗa fiye da ni. Idan kuka ji Nana tana kira ga haƙuri da yarda da ƙaddara a waƙoƙinta, to ba daga littafi kaɗai ta karanto ba.

Yanzu ku dubi shekarun rubutunta. Tanbihul Gafilina, wanda shi ne mafi daɗewa cikin abin da ya iso gare mu, ta rubuta shi da Larabci a 1820, tana da shekara wajen 27, shekara 13 da aure. Sunago, waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani domin mata su haddace, ta fito da Fillanci a 1829, daga baya ta mayar da ita Hausa. Tabbat Haƙiƙa, waƙar mahaifinta da ta juya zuwa Hausa, a 1831. Haka ta yi ta yi har ƙarshen rayuwarta, abin da aka tattara ya kai wajen 60. Aure bai rufe allonta ba. Mafi yawan abin da ta sani ma bayan aure ta ƙara shi, kuma dukkan abin da ta rubuta bayan aure ta rubuta shi.

A nan ne zan juyo gare mu maza, ku yi mini haƙuri. Muna son mu ce wa matanmu su yi koyi da Nana Asma'u, amma ba mu cika tambayar kanmu ko mu mun yi koyi da Giɗaɗo ba. Takarda a wancan zamani daga hamada ake kawo ta bisa raƙuma, da tsada. Wani ne ya saya. Malamai na nesa suna rubuto mata tana ba su amsa, har malamin Shingiɗi Alhaji Ahmadu ta yi wa waƙar maraba. Akwai mijin da bai ga wannan a matsayin raini ba. Mata suna cika masa gida daga ƙauyuka. Akwai maigidan da bai ce an dame shi ba. Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, mata da miji suka zauna suka raba aiki domin kada tarihin Jama'a ya salwanta. Shi ya rubuta da Larabci, irin su Raudul Jinan a kan Shehu da karamominsa da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ita kuma ta tsara da waƙa domin wanda ba ya karatu ya ji da kunne, irin su Filitago, wadda ƙanenta Isa ɗan Shehu ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye. Yawancin abin da muka sani na zaman Degel da hijira, daga wannan ɗaki na miji da mata ya fito.

Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san hukuncin tsarki da salla ba. Ya nuna cewa karantar da na waje a bar na ciki neman suna ne kawai. To, mu da muke danganta kanmu gare shi fa? Mutum ya ɗauki bandiri ya kwana majalisi, ya san silsila tun daga shehinsa har Bagadaza, amma matarsa ba ta san abin da ke ɓata alwala ba, ɗiyarsa kuwa ranar da aka kai ta ɗaki ranar aka naɗe karatunta. Masu sukar ɗariƙa sukan ce mu ne muke danne mata cikin duhu. Amsarmu gare su tana kwance a Hubbare, amma ba za ta yi mana amfani ba idan gidajenmu suna gaskata su. Makarantun Islamiyya na matan aure ga su nan cikin Mabera da kewaye, na safe da na dare. Izinin miji da kuɗin littafi kaɗai wasu ke jira.

Sai maganar 'ya'ya. Waɗanda suka girma cikin 'ya'yanta maza su ne Abdulƙadir, da Ahmadu, da Usmanu, da Abdullahi Bayero, da Muhammadu Laima. Sunan babbansu ba sai an gaya wa Baƙadire inda aka samo shi ba. Kuma ya dace mu tuna cewa ita kanta wannan ɗariƙa tamu da wasiyyar uwa ta fara tafiya. Littattafan manaƙibi sun kawo cewa lokacin da Shehu Abdulƙadir zai bar Jilan zuwa Bagadaza neman ilmi, yana saurayi ɗan shekara wajen 18, mahaifiyarsa Ummul Khairi Faɗimatu ta ɗinke masa dinari 40 a cikin riga, ta kuma karɓi alkawari daga gare shi cewa ba zai yi ƙarya ba ko ana ha-maza-ha-mata. 'Yan fashi suka tare ayarin, aka tambaye shi abin da yake ɗauke da shi, ya faɗi gaskiya, ya nuna inda kuɗin suke. Shugabansu ya tambayi dalili, ya ce alkawarin uwa ne. Mutumin ya tuba shi da yaransa. Tubar farko da aka yi a hannun Gausu, tarbiyyar wata tsohuwa ce a Jilan ta jawo ta.

Abdulƙadir na Nana ya gaji mahaifinsa a wazirci a 1842, tun Giɗaɗo yana raye, kuma malami ne mai wallafa; cikin littattafansa akwai Almawahibur Rabbaniyya a kan tabbatar da ɗariƙar Ƙadiriyya. Bayansa ɗansa Ibrahim Halilu ya yi, sannan Abdullahi Bayero ɗan Nana, sannan jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu. Shi Waziri Buhari ne Allah Ya jarraba da ranar 15 ga Maris 1903, ranar da Nasara suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas har ya yi shahada a Burmi. Waziri ya tsaya da talakawan da ba su da ikon tafiya, ya shawarci malamai, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa ga ma'abota ilmi, cikin damuwa da tsoron Allah. Ɗansa shi ne Waziri Junaidu, wanda da yawanmu nan mun gan shi da idonmu, ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, kuma a taskarsa aka adana mafi yawan rubuce-rubucen kakarsa. Gida ɗaya ya riƙe alƙalamin daula tun daga 1817, kuma ba sarauta kaɗai suka gada ba, har da karatu. Sarauta uba kan bar wa ɗa. Son littafi kuwa galibi a ɗakin uwa ake shan sa, tun yaro bai san ana ba shi ba.

Uwancinta bai tsaya ga waɗanda ta haifa ba, shi ya sa aka kira ta Uwar Gari. Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai masu hankali daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa ta naɗe ta da jan ƙyalle. Jaji takan taho Sakkwato da ayarin mata a ƙafa, su ɗauki karatu ta hanyar waƙa, su koma su koya wa na gida. Ku lura da hikimar mai ɗaki a nan: 'yan mata da ba su yi aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa su ne ke tafiya. Matar da ke da miji da ƙananan yara ba a ce ta bar ɗakinta ba, karatun ne ke iske ta har gida. Wanda bai taɓa riƙon gida ba ba zai yi wannan tsari ba. Abin da suka zo da shi na sadaka kuwa, hatsi ne, zuma ce, man shanu ne, zane ne, takan raba shi ga miskinai da marasa lafiya.

Mutane suna son labaran karamominta, kamar wanda ake bayarwa na bakin wutar da ta nuna wa Alƙalawa. Ba mu musun karamar waliyyai, aƙidarmu ce. Amma ni abin da ya fi girgiza ni shi ne waɗanda ta zaɓa ta yi wa marsiyya. Ta yi wa Bello, ta yi wa manyan malamai, wannan ba abin mamaki ba ne. Sai kuma ga ta ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, wadda ba ta da wani muƙami sai kirki da son yara da sasanta mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wajen mata masu naƙuda kuma take wanke gawa idan an kira ta. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Ɗiyar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, ta zauna ta auna baituka saboda unguwarzoma. Da ba don ita ba da babu wanda zai san an yi waɗannan bayin Allah a garin nan.

Da Giɗaɗo ya rasu, bayan zaman fiye da shekara 40, shi ma ta yi masa marsiyya da Fillanci. Abin da ta ambata nasa shi ne hidimarsa ga Shehu da iyalan Shehu, da amincinsa ga Bello, da karɓar baƙi, da taimakon mabuƙata, da kula da gyaran masallacin Shehu da ƙofofin gari. Shaidar mata ce a kan mijinta, wadda ta ga fushinsa da farin cikinsa, kuma ba ta sami abin faɗa ba sai alheri. Kowannenmu ya tambayi kansa abin da tasa za ta iya lissafawa ranar da aka fita da shi.

Ta rayu bayansa shekaru da dama, ta kuma sake shan ɗacin da ta sha a 1824, domin Waziri Abdulƙadir ya riga ta a 1859, tana tsohuwa. Ba ta ajiye alƙalami ba. Waƙoƙinta na Hausa a kan alamomin tashin Ƙiyama da dalilan samuwar Allah na waɗannan shekarun ƙarshe ne. Ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da ɗoriya, aka kai ta Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ɗiyar Shehu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, bayanta Ta Modi ta karɓa. A 1997 wasu mata biyu masu bincike, Jean Boyd da Beverly Mack, suka buga tarin rubuce-rubucenta a Amurka tare da fassara, bisa abin da aka samu a taskar Waziri Junaidu, har wasu Musulmi mata a can suka kafa halƙoƙin karatu da sunan 'Yan Taru.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo, Ya jiƙan Maimuna da Iya Garka da Inna Garka, Ya jiƙan Halima da Zaharatu da Hauwa'u, Ya jiƙan iyayenmu mata da matanmu da suka riga mu, waɗanda babu wanda ya yi musu waƙa. Albarkar Annabi da Alƙur'ani, albarkar Shehu Abdulƙadir da Shehu Usmanu. Ina roƙon Shehinmu ya ja mu mu karanta musu Fatiha.